TOTUR MAI KUZARI KO TOTUR MAI LADABI?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin direbobinmu a nan Tamale, wadda ya kamata mu masu dukiya mu tsaya mu fahimce ta kafin mu sa hannu a aljihu. Maganar kuwa ita ce ta "buɗe wa mota maƙogwaro". Direba zai zo ya rusuna ya gaishe ka, ya ce, "Alhaji, motar nan ta yi nawa. In na taka totur sai ta yi tunani tukuna kafin ta tashi. Akwai wani Masta da ke gyaran totur-bodi, in ya taɓa ta, da ka ɗora ƙafa za ka ji ta zabura kamar doki." Kai kuwa da yake shanu ka sani ba inji ba, sai ka ce, "To, nawa ne?" Shi ke nan, an gama ciniki.

Motocin da ake wannan magana a kansu ƙananan motocinmu ne. Kowa ya sani tireloli ke kwaso shanu daga Fadan Gurma da Puitenga, su shigo ta Paga ko ta Bawku, su ratsa Tamale su nufi mayankar Kumasi ko Turaku ta Ashaiman. Amma ƙafafun sana'ar nan su ne irin su Toyota Hiace da Nissan Urvan da Sprinter da ƙananan motocin Kia. Su ake cire wa kujeru a tattaro raguna da maruƙa daga kasuwannin Gushegu da Savelugu zuwa karar Gunayili. Su ke ɗaukar dusa da harawa da yaran shanu. Su ne kuma ke ɗaukar falke shi kansa, da kuɗinsa a ƙugu, zuwa kasuwar Buipe. Saboda haka duk abin da za a yi wa injinsu, dukiyarmu da rayukanmu ake taɓawa.

Abin da zan bayyana a nan shi ne, gyara iri biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai wanda ke mayar da mota yadda kamfani ya yi ta, wannan alheri ne kuma ba shi da tsada. Akwai kuma wanda ke sa ta zabura fiye da yadda aka yi ta, wannan kuwa bai dace da motar da ke ɗauke da abu mai rai ba.

MENE NE MAƘOGWARON INJI?

Injin fetur numfashi yake yi kamar dabba. Ba ya ƙona mai sai da iska, kuma iskar da yake bukata ta ninka man nesa ba kusa ba. In aka auna da nauyi, kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Wato lita 1 ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000. Wannan iska kuwa ta hanya ɗaya take shiga. Tana bi ta matatar iska, ta wuce ta cikin wani gajeren bututun ƙarfe da ke bakin inji. Shi wannan bututu shi makanikai ke kira totur-bodi, mu kuma mu ce maƙogwaro.

A cikinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai kama da babban kwabo, an soke shi a jikin sanda. In direba bai taka totur ba, faifan yana tare hanya, sai 'yar iska kaɗan ke wucewa don inji ya tsaya a silo kada ya mutu. In ya taka, faifan ya karkata, iska ta shiga da yawa, sai a ƙara mai daidai da iskar. Ka ga ke nan, a motar fetur, ƙafar direba iska take buɗewa, mai kuma biyo ta yake yi.

Yadda ƙafa ke isa ga faifan iri uku ne. A tsofaffin motoci faifan yana cikin kafireto, wayar ƙarfe ce ke jan sa. A na tsakiya, an daina kafireto an koma injekta, amma har yanzu waya ke ja, sai dai akwai sansa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan buɗewar da aka yi. A na baya-bayan nan kuwa, kamar Hiace mai fetur ƙirar 2004 zuwa sama, babu waya sam. Feda saƙon lantarki take aikawa ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci wani ɗan ƙaramin injin lantarki ya juya faifan. Kamfanin BMW na Jamus ya fara sa irin wannan a motocinsa wajen 1988, yanzu kusan kowane kamfani haka yake yi. Kuma da gangan masu ƙera motocin kaya suke sa buɗewar ta zo a hankali, don mota ta tashi lami lafiya, ta kuma rage shan mai. Wani ɗan jinkirin da direba ke kuka da shi, ba ciwo ba ne, tarbiyya ce aka yi wa motar.

Injin dizal kuma nasa daban ne, kuma a nan ake cutar mutane da yawa. Dizal iska yake zuƙa iyakar cikinsa a kowane lokaci, ƙarfinsa daga yawan man da famfon injekta ke turawa yake zuwa. Sababbin injinan dizal suna da faifai a bakinsu, amma aikinsa taimakawa wajen rage hayaƙi da kashe inji ba tare da jijjiga ba. Don haka wanda ya karɓi kuɗinka don ya faɗaɗa maƙogwaron Sprinter mai dizal ko Kia Rhino da sunan ƙara mata ƙarfi, ya karɓi kuɗin banza.

ME KE SA MOTA NAWA A ƘASARMU?

Kafin a zargi maƙogwaro, a duba ƙasar da motar ke aiki a cikinta. Na farko ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ya rufe Tamale, ga jar ƙasar hanyoyin ƙauye da muke bi zuwa kasuwanni. Injin da ke zuƙar iska lita 9,000 kan kowace lita ta mai, duk ƙurar da ke cikinta a matata take tsayawa. In matata ta toshe, motar ta zama kamar sa mai mura, ko ka buɗe masa baki ba zai ja numfashi sosai ba.

Na biyu zafi. A watan Maris zafin Tamale yakan kai digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri. Iskar digiri 40 ta fi ta digiri 20 sauƙi da kimanin kashi 6 cikin 100, ƙarfin injin da ba shi da tabo kuma yakan ɗan ragu. Wannan ba laifin kowa ba ne, babu kuma bakaniken da zai gyara shi. Shi ya sa motar da ta yi maka nawa da azahar, bayan sallar asuba sai ka ji ta da kuzari.

Na uku lodi. Irin su Hiace, kayan da aka yi su don ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Bijimi mai kyau yakan kai kilo 300 zuwa 400. Wato bijimai uku sun cika ta, tun ba a sa direba da yaron mota da buhunan dusa ba. In ka loda biyar sa'an nan ka ce ba ta amsa totur, ai ba a yi mata adalci ba.

Na huɗu datti a jikin faifan kansa. Tururin baƙin mai da ke fitowa daga cikin inji yakan haɗu da ƙura ya zama danƙo baƙi, ya manne a gefen faifan. Alamarsa silo ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, ko feda ta yi tauri a farkon takawa sa'an nan ta saki gaba ɗaya.

Bayan waɗannan akwai wayar totur da ta saki, da filogin da ya cinye, da matatar mai da ta toshe saboda man galan na bakin hanya, da kulocin da ke santsi, da burkin da ke riƙe taya, da tayar da ba ta da isasshiyar iska. Kowane ɗaya daga ciki yana iya sa mota nawa, kuma babu wanda faɗaɗa maƙogwaro ke magancewa.

GYARAN DA YA DACE

Wanke maƙogwaro aiki ne mai kyau. A kwance shi, a goge danƙon da ruwan wankinsa na musamman da tsumma mai laushi, a sa sabon gaskit a mayar. Sharaɗi shi ne kada a kankare da wuƙa ko sukuddireba ko samfefa, domin tsakanin faifan da bangon bututun awo ne na ƙa'ida, in aka ci ƙarfen ba ya dawowa. In mai lantarki ne, a cire kan batir tukuna. Kada yaron gareji ya sa yatsa ya tura faifan alhali makulli na kunne, domin yana iya datse masa yatsa, haƙoran robar da ke ciki kuma suna iya karyewa. Kada kuma a fesa ruwan wanki cikin gidan lantarkin. Bayan an mayar, sau da yawa sai an sake koya wa ƙwaƙwalwar motar matsayin silo, domin ta saba da dattin. In ba a yi haka ba sai ka ji inji na ta kuka shi kaɗai.

Mai waya kuma, a duba sakinta. Ana barin ɗan saki kaɗan, milimita biyu zuwa uku, don faifan ya rufe ruf in an ɗaga ƙafa. In sakin ya yi yawa, farkon takawa duk a banza yake tafiya, kuma ko an danne feda har ƙasa faifan ba zai buɗe duka ba. Mutum biyu ke wannan aiki, inji a kashe: ɗaya ya taka, ɗaya ya leƙa ya ga faifan ya buɗe sarai, ya kuma koma da kansa da sauri in an saki. Wayar da ta fara tsintsinkewa a canza ta, kada a yi mata dabara.

Waɗannan biyun, da sabuwar matatar iska da ta mai da filogi, su ke dawo da yawancin motoci hayyacinsu. Kuɗinsu duka bai kai na ɗan tunkiya ba.

GYARAN DA AKE GUDU

Na farko shi ne faɗaɗawa. A kai maƙogwaron wurin masu injin feƙe ƙarfe, a nan ko a Magazin ta Suame a Kumasi, a rarake cikinsa a sa babban faifai, ko a ɗauko na wata babbar mota a ɗaura. Ga lissafinsa. Alal misali, in faɗin bakin milimita 55 ne aka mai da shi 60, hanyar iska ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin 100. Mai ji zai ce ai ƙarfi ya ƙaru ke nan. Ko kusa. Inji ba ya haɗiyar abin da ya fi cikinsa. Mai lita 2.7 lita 2.7 ne, kuma a irin juyin da motar kaya ke yi a hanya, maƙogwaron kamfani ya ishe shi har da saura. Ka faɗaɗa ƙofar shinge yadda ka ga dama, shanun da garke zai ɗauka su zai ɗauka. Masu tseren motoci a Turai da Amurka ke cin ribar wannan aiki, su da ke kai inji ƙarshen kukansa, kuma sun riga sun canza sauran kayan ciki. Abin da mai ɗaukar raguna zai samu shi ne, taɓa totur kaɗan sai iska ta shiga da yawa, mota ta fizga. In kuma awon bai zauna daidai ba, faifan ba zai rufe sosai ba, silo ya hau, ko kuma ya cije a jikin bango in ƙarfe ya ɗau zafi.

Na biyu wani ɗan akwati ne da ake sayarwa, a jona shi a wayar fedar motoci masu totur na lantarki. Aikinsa ƙarya ce yake yi wa ƙwaƙwalwar mota. Ka taka rubu'i, ya ce mata ka taka rabi. Ka taka rabi, ya ce ka kusa ƙurewa. Amma in ka ƙure, iyakar nan dai ita ce ta da. Abin da akwatin ke yi, ƙafarka na iya yin sa kyauta. Abin da ya ɗauke maka kuwa shi ne ikon tafiya a hankali, wanda shi ne abin da direban dabbobi ya fi bukata.

Na uku cire matatar iska, ko huda ta, ko sa irin buɗaɗɗiyar nan mai kama da kwando. Inji zai yi gurnani mai daɗin ji, direba ya ɗauka ƙarfi ne. A ƙasar hazo wannan kisan inji ne. Ƙura yashi ce, tana cin zobban fistin da bangon silinda kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa. Kafin a ankara mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, sai saukar da inji.

Na huɗu rage ƙarfin sifirin da ke mayar da faifai, wai don feda ta yi laushi. Wannan sifirin shi ke rufe totur in ka ɗaga ƙafa. Wanda ya taɓa shi ya taɓa linzamin doki.

Na biyar na masu dizal ne, wato murɗa sukurun famfon injekta don a ƙara mai. Wannan kam yana ƙara ɗan ja, amma dubi salansa. Baƙin hayaƙin nan man da ka saya ne yake fita bai ƙone ba. Ga shi zafin cikin inji yana ƙaruwa, a doguwar hawa da lodi yana iya ƙona fistin ko gaskit. Famfon injekta a kan injin awo ake saita shi, ba da kunne ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

KAYANMU NA DA RAI

Yanzu mu zo kan abin da ya bambanta mu da mai ɗaukar siminti ko doya. Buhu inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Dabba kuwa a kan ƙafa huɗu take, nauyinta yana sama, ƙasan motar kuma ƙarfe ne da fitsari da kashi suka jiƙa. In mota ta zabura gaba, duk dabbobin baya za su yi. In direba ya ga ta yi yawa ya taka burki, su dawo gaba. Wanda ya faɗi a tsakiya, 'yan'uwansa ke tsayawa a kansa. Ko waɗanda aka ɗaure a kwance ba su tsira ba, kowace fizga ƙashin wani ne ke dukan haƙarƙarin wani, ƙahon wani na shiga cikin wani.

Ka tuna kuma irin hanyar da muke bi. Daga Paga zuwa Tamale kilomita kusan 200 ne, daga Tamale zuwa Kumasi kusan 380, kuma kusan kowane ƙauye da tudunsa na rage gudu, ga shingayen 'yan sanda da na kwastan. A kowane ɗaya sai an tsaya an sake tashi. Mota mai totur mai ladabi takan haye tudu kamar raƙumi, dabba ba ta ma sani ba. Mai fizga kuwa kowane tudu duka ne. A cikin garin Tamale ma, inda babura da kekuna da 'yan yalo-yalo suka cika titi tun daga Aboabo har Lamashegu, motar da ke zabura da taɓawa kaɗan masifa ce a ɗaure.

Asarar tana zuwa ta hanya uku. Ta farko mushe. Dabbar da aka danne ta mutu kafin wuƙa ta isa wuyanta, Musulmi ba shi da abin da zai sayar, uwar kuɗi da riba sun tafi. Ko an yi sa'a yaron shanu ya yanka ta a bakin hanya, kowa ya san kuɗin naman bakin hanya. Ta biyu rauni. Waɗanda suka karanta babin layya a Risala sun san dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta isar wa mai layya, haka mai karyayyen ƙaho in yana zubar jini. Ragon da ka saya don kasuwar Babbar Sallah, in ya sauka yana ɗingishi, ya tashi daga ragon layya ya koma ragon tsire, kuɗinsa kuma ya bi shi. Ta uku ita ce wadda ba a gani sai an feɗe. Mahaucin Kumasi zai tarar jini ya kwanta a cinya da gadon baya, ya yanke ya zubar. Da yake yawancin cinikinmu bashi ne ta hannun maigida, ranar biya zai zo da ƙorafi ya nemi ragi, kuma ba zai manta shanun wane ne ba. Sunan falke a mayanka jari ne.

Bayan asarar kuɗi akwai haƙƙi. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko dabbar da za a yanka ana kyautata mata, ba a azabtar da ita. Tafiyar yini guda cikin zafi da ƙishi ta ishe ta wahala, ba sai mun ƙara mata da duka ba.

IN TOTUR YA MAƘALE

Mafi munin abin da taɓa maƙogwaro ke jawowa shi ne totur ya ƙi dawowa. Kada a ɗauka wannan tatsuniya ce. A watan Agusta 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, tabarmar ƙasan wata mota ƙirar Lexus ta danne fedar totur, mutum 4 'yan gida ɗaya suka mutu. Daga 2009 zuwa 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci don gyara matsalar tabarma da fedar da ke cijewa, a 2014 kuma ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 a kan lamarin. To, in kamfani mai injiniyoyi dubbai ya gamu da wannan, ina ga aikin da aka yi da zarto a gindin bishiya? Darasi na biyu, mu da ke shimfiɗa buhu ko guntun kafet a ƙarƙashin ƙafar direba, mu cire shi. Haka robar ruwa da takalmin da ke yawo a wurin feda.

Kowane maigida ya karanta wa direbansa wannan. In totur ya maƙale, ka taka kuloci ka sa mota a firi. Inji zai yi ihu, ƙyale shi, gara inji da rai. Ka danne burki da ƙarfi sau ɗaya ka riƙe, kada ka riƙa famfo, domin in totur na buɗe iskar da ke taimakon burki tana ƙarewa. Ka sauka gefen hanya, sa'an nan ka kashe inji. Kada ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai kulle.

MU YI LISSAFIN LOKACI

Hujjar direba ita ce a riski kasuwa, da kuma wuce manyan motoci a hanya. To, zaburar totur ɗaƙiƙa ɗaya ba ta cika ba take rage maka a kowace tashi. Ko ka tara su duka daga Tamale zuwa Kumasi, ba su kai lokacin da ake ɓatawa a shinge ɗaya ba. Wajen wuce mota kuwa, abin da ke aiki shi ne sauko da giya da hangen hanya, domin mun riga mun ga gyaran bai ƙara wa inji ƙarfi ba. Haɗarin ma shi ne direba ya ji motar ta yi kuzari ya ɗauka tana da ƙarfin da ba ta da shi, ya fita wuce tirela a hawan Kintampo, ƙarfi ya ƙare masa a tsakiya.

Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta sa iyakar gudu kilomita 50 a awa a cikin gari, 90 a babbar hanya. Mota mai gudun 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daga gudun 60 zuwa 90, nisan da burki ke bukata ya ninka fiye da sau biyu, balle da lodi. Wannan hanya tamu ta sha jini. A Fabrairu 2016 bas da motar tumatir suka yi karo kusa da Kintampo, sama da mutum 50 suka rasu. A Maris 2019 bas biyu suka sake haɗuwa a hanyar Kintampo zuwa Techiman, nan ma aka rasa sama da 50. Allah ya jiƙan Musulmin da ke ciki. Kakanninmu da ƙafa suke kora shanu ta Salaga, su ƙetare ruwa a Yeji, su yi makonni kafin su ga Kumasi, kuma sun yi arziki. Mu da muke yin ta a yini ɗaya, gaggawar me muke yi? Mai son riskar kasuwa ya yi lodi da wuri, ya tashi da sanyin asuba. Inji zai ji daɗi, dabba ma haka.

ABIN DA ZA KA GAYA WA BAKANIKE

In direba ya kawo kukan nawa, kada ka ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai. Ka bi shi gareji, ka ce, "Masta, ba na son a ƙara mata komai, ba na son a rage mata komai. Ka mayar mini da ita yadda masu ita suka yi ta." A fara da matatar iska da ta mai da filogi, a duba taya da burki da kuloci, sa'an nan a wanke maƙogwaro a saita waya. In mai ƙwaƙwalwa ce, a sa mata na'urar dubawa ta faɗi inda ke mata ciwo kafin a kwance komai. Ka ce a nuna maka tsohon kayan da aka cire. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Gwajin kuma ba a yin sa da mota wofi. A cika bokiti da ruwa kusan baki, a ajiye a bayan motar, direba ya tashi, ya haye tudu biyu uku, ya tsaya. Ruwan da ya zube shi ne dukan da dabbarka za ta sha. Da wannan bokiti ake gwada mota, da shi kuma ake gwada sabon direba.

In kuɗi ya rage, ga inda ya kamata ya tafi: burki, taya, katako ko yashi da ciyawa a ƙasan mota don hana santsi, shinge a tsakiya don raba manya da ƙanana, da tagogin shan iska. Wanda kuma ya riga ya yi wa motarsa irin wancan gyara, in ya tashi sayarwa ya faɗa wa mai saye. Ɓoye aibi a ciniki hukuncinsa ɗaya, ko a jikin sa ko a jikin mota.

Direbobinmu kuma, mun san yawancinku 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma ba don mugunta kuke son kuzarin mota ba. Amma gwanin direba a wannan sana'a shi ne wanda ya sauke dabba tana tuƙa, ba ta ɗingishi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.